An Goge Muryar Auta

Zuwa ga Kawu,

Ka yi mini haƙuri, yau labari zai riga gaisuwa, don ina tsoron in na tsaya tambayar gida da gajiya abin zai huce a raina. Da safiyar Talatar nan na ga Autanka ya yi waƙa.

Na san za ka ce ai kullum yi yake, har maƙwabta sun gaji. Wannan dabam ce. Na zo buɗe situdiyo na tarar da shi zaune a kan matakala, ya naɗe wuya da tawul, yana kurɓar ruwan ɗumi a kofin roba. Na ce, "Taubashi, wa ya koro ka daga barci?" Ya ce, "Kai dai buɗe ƙofa, mai kunnen zomo."

Tunda ba ka taɓa ganin wurin aikina ba, bari in kwatanta maka. Ɗaki biyu ne, gilashi a tsakaninsu. Ƙaramin an manne bangonsa da soso, ko tari ka yi ba ya dawo maka. A nan mawaƙi yake tsayawa gaban makirfo, abin kunne a kansa, kiɗa na shiga masa. Ni ina babban ɗakin gaban kwamfuta. Turancin da ke jikinta ba duka nake ganewa ba, amma murya tana fitowa a zane, kamar haƙoran zarto, wannan kuwa na iya karanta shi.

Mawaƙin da ya kama ɗakin na safiyar bai zo ba. Maigida, mai situdiyon, ya dubi Auta ya ce, "Shiga ka yi, ko ka daina bin mu da ido." Auta ya tuɓe silifas a bakin ƙofa don suna ƙara, ya shiga ba takalmi, ya rufe ido.

Kawu, aikina tsayar da mutane ne. Mawaƙi ya yi layi in tsayar da shi, ya sake, in yanko nan in ɗinka can, har waƙa ta haɗu kamar rigar faci. Ranar nan yatsana yana kan maɓalli tun farko har ƙarshe, ban danna ba. Na manta da shi. Maigida yana faɗa da wani a waya, sai na ji ya ce, "Zan kira ka," ya kife wayar a kan tebur. Da kiɗa ya ƙare Auta ya buɗe ido, ya leƙo ta gilashi ya ce, "To, yanzu a fara ɗauka?" Shi a zatonsa gwaji yake yi.

Waƙar tasa ce, shi ya tsara ta. Wani ne yake ta kiran wani, wanda ake kiran yana kusa, bayansa kawai ya juya, amma ba ya waiwayowa. Waɗanda suka ji sun ce waƙar soyayya ce. Ni da na tashi a gidanka na san bayan wa ake kallo.

To yanzu, ina kwana, ina gajiya? Yaya kunnen, yaya ƙafar Inna? Mu muna lafiya. Auta yana cin abinci, sai dai wanki ne har yanzu ba su shirya ba. Zan ba direban motar katako wannan takarda in ya zo lodi.

Ɗanka,
Shiru

*

Zuwa ga ɗana Shiru,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Ƙafar Innarku da sauƙi, tana taka ta har kasuwa, bakinta kuwa bai taɓa ciwo ba. Kunne yana nan inda injin yankan katako ya bar shi. Waya ta zame mini abin kallo, in ta yi haske sai in miƙa wa Innarku. Shi ya sa nake son takarda, ita ba ta yi mini ihu.

Na karanta labarinka har na sake. Tun kana ƙarami, lokacin da Yaya mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta kawo ka gidan nan, ba ka cika magana ba, in kuwa ka yi ba a samun ƙari a ciki. Da wani ne ya rubuto da na ce daɗin baki ne. Kai ne kunnena a wannan magana, don ka san rabona da jin muryar yaron nan tun kafin ta fashe. Abin da na sani, bakinsa yana motsi yana riƙe da guduma, ƙusa tana lanƙwashewa.

Ranar da ya ce zai tafi ban hana shi ba, ban kuma sa albarka da baki ba. Na ce masa in waƙa sana'a ce, to ya kawo mini abin da zan taɓa. Kujera in na gama ta ana zama a kai. Ita waƙa a ina ake ajiye ta?

Batun wanda ake kira ba ya waiwayowa, ka bar ni da wayonka. In yana da magana ya zagayo ta gaba, ido na gani.

Ka sa masa ido. Kada ya bi masu shan abin da ke buɗe murya ya rufe hankali. Ka ce masa wanki ba ya kashe mawaƙi. Innarku tana gaishe ku, ta ce a tambaye ka yaushe za ka yi aure, na ce sai ka gama tunani, wato ba yanzu ba.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Muna lafiya. Direba yana ƙasa yana danna mini ham, don haka a tsaye nake rubutu.

Akwai wani babban mawaƙi da ake kira Mai Zobba, ko'ina ana jin sa. Maigida ya kunna masa waƙar Auta, ya ji ya ce yana so. Ya zo ya yini a ƙaramin ɗaki, muryar Auta a kunnensa, ya hau kiɗan. Da ya gama, Maigida ya tsaya a kaina ya ce in goge muryar Auta, daga farko har ƙarshe.

Na goge, Kawu. Da hannuna na goge, ban bar ko numfashi ba.

Waƙar za ta fita ƙarshen wata, gidajen rediyo duk za su sa. Auta ya ce in bar masa, shi zai rubuto maka da kansa, amma na ga bai ko nemi biro ba, ni kuma ba na son ka ji a bakin wani. Raina ba daɗi. Sauran bayani sai takarda ta gaba.

Ɗanka,
Shiru

*

Zuwa ga ɗana Shiru,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya ƙalau, yau kam har da ƙari.

Allah ya yi wa hannun nan naka albarka! Ashe kai ka goge masa. To mene ne na rubutu kamar mai ta'aziyya? Gajiya ce, na sani. Duk aikin kafinta ba abin da ke cin rai kamar gogewa. Yanka da haɗi kowa zai iya koya, amma a zauna da sanfefa a bi katako lungu-lungu har tafin hannu ya wuce bai ji kaushi ba, wannan sai mai haƙuri, kuma ba wanda ke yaba masa. Ba a goge abin da za a yar. Tunda har maigidanka ya tsaya a kanka ya ce a goge daga farko har ƙarshe, na san kayan fitarwa ne. Da ma Innarku ta ce tun yana yaro akwai ɗan kaushi a muryar in ya ja ta sama. Ka ce ko numfashi ba ka bari ba, haka ake aiki.

Na tambayi maƙwabcina mai gyaran rediyo ko wane ne Mai Zobba. Ya zaro ido ya ɗaga hannu sama, wai babba ne. Na ce to babban nan ya yini guda yana sauraron ɗana. Ban gane hawa kiɗa ba, amma na ɗauka taya shi ya yi, Allah ya saka masa.

Ga abin da na yanke. Ina da wani katako mai kyau da na ɓoye tun tuni, na ƙi sayar wa kowa. Na fiddo shi, ina haɗa akwati. Mai gyaran rediyo zai sa mini sifika a ciki ya ja waya. Ya ce in akwatin ya haɗu da kyau, kiɗa zai riƙa bugawa a jikin katakon, in na ɗora hannu zan ji. Ka ga ashe za a kawo mini abin da zan taɓa. Ranar da za a sa waƙar zan fito da shi ƙofar shago. Akwai bencina da na yi wa wata makaranta ba a zo ɗauka ba, za su yi amfani. Na gaya wa mutanen layinmu kaf, har da tela da muka yi shekara ba ma gaisawa.

Ka ce wa Auta ba sai ya rubuto ba, na san shi da kunya. Ka ce masa na waiwayo.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah, Kawu, kafin ka ƙarasa karatun nan, ka ajiye aikin akwatin. Ka aika a gaya wa mutane an fasa.

Ban yi maka bayani da kyau ba. Gogewa a wurinmu ba irin taku ba ce. Irin ta allo ce, in malami ya gama darasi. Muryar Auta babu ita. Waƙar da za ta fita, kalmomin nasa ne, karin nasa ne, amma bakin Mai Zobba ne daga farko har ƙarshe. Ko sunan Auta ba za a ambata ba.

Haka ake yi a sana'ar nan, ni ma na sha gani, sai dai bai taɓa faɗowa a kan nawa ba. Yaro ya yi waƙa, a ajiye muryarsa ta zama jagora. Babban mawaƙi ya sa ta a kunne ya bi sawunta layi-layi. In ya gama a cire ta yaron.

Ranar da Mai Zobba ya zo, yaronsa ya tsaya a ƙofa da kwando, kowa ya jefa wayarsa. Shi kuma ya zare zobbansa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a faranti, don suna ƙwanƙwasar ƙarfen makirfo. Ba mugun mutum ba ne a fuska, har ya tambaye ni ko na ci abinci. Ya yi ta cewa, "Ƙanena, sake mayar mini da wurin nan." Akwai inda muryar Auta ta ɗan karye a baiti na ƙarshe, ba da gangan ba, abin ne ya zo masa wuya. Mai Zobba ya yi ta maimaita wurin har ya iya karyewar. Ina kallonsa ta gilashi yana koyon abin da ya kuɓuce wa wani.

An ce an taɓa fitar da muryar jagora ta wata waƙarsa, mutane suka yi ta yi masa dariya, tun daga nan ba ya barin situdiyo sai ya ga an goge. Yaron nasa ya duba har kwandon sharar kwamfuta. Kafin ranar muryar ta yi kwanaki a hannuna, da na so da na kwafe ta na ajiye. Ban kawo a raina ba. Na ɗauka abu mai kyau irin wannan ba mai taɓa shi.

Shi Auta an aike shi sayo ruwan sanyi. Da ya dawo Maigida ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi sa'a, babba ya ɗauki waƙarsa, za a ba shi rana tasa ya yi wata. Auta ya ce to. Bayan sun fita ya zo ya tsaya bayan kujerata yana duban inda zanen muryarsa yake a da. Ya ce, "Taubashi, ko amshi ba a bar mini ba?" Na ce ba a bari ba. Ya ce, "Kai da ba ka iya share ɗaki ba, yau ka yi shara." Ya yi dariya, ni na kasa.

Saƙonka na cewa ka waiwayo ban isar ba tukuna. Ban san yadda zan faɗa masa ba alhali na san abin da ka waiwayo ka gani ba ya nan. Ka yafe mini kalmar nan. Da na ce an cire, ko an share, da ba mu kai nan ba.

Direba ya ce gobe zai kama hanya. Allah ya sa ta riga ƙarshen wata isowa.

Ɗanka,
Shiru

*

Zuwa ga Shiru,

Muna nan da rai. Innarku ba ta fita tun ranar, ba kuma ƙafa ce ta hana ta ba.

Na jira takardarka shiru, direba ma shiru. Na ce lafiya ce, aiki ne ya yi muku yawa. Akwati ya haɗu, na goge shi, na shafa masa mai har mutum yana ganin fuskarsa. Ranar da rediyo suka ce za su sa sabuwar waƙar, na jera bencina tun da hantsi, na sa rigata ta zuwa biki. Layinmu ya cika. Tela ya zo da matarsa, masu lodin katako sun bar aiki, yara sun hau katanga.

Mai gyaran rediyo ya ɗaga mini yatsa, alamar an fara. Na ɗora tafin hannu a kan akwatin. Na ji, Shiru. Na ji kiɗan yana bugawa, na ji wani abu yana hawa yana sauka a kansa, na ce wannan ɗana ne. Ban san da ƙarfi na faɗa ba, ka san kurma ba ya auna murya. Na sake faɗa. Na ga mutane suna duban juna, na ce mamaki ne. Na ga Innarku ta tashi tun ba a kai rabi ba ta shige gida, mayafi a baki, na ce kukan daɗi ne. Da aka gama na miƙe ina bin benci ina ba mutane hannu.

Matar tela ce ta fara juya baya, kafaɗunta suna rawa. Sai mai gyaran rediyo ya zare fensir daga bayan kunnena, ya ɗauki guntun katako ya rubuta, ya miƙo mini yana kallon ƙasa. Muryar Mai Zobba ce, shi kaɗai, ba a ambaci Auta ba.

Na shiga gida na tambayi Innarku. Ta ce tun layin farko ta san ba cikinta wannan murya ta fito ba.

Shekaruna a layin nan ban taɓa cewa katako kaza ne ya zama ba shi ba. Yanzu in na wuce yara suna dafa bango suna lumshe ido. Wani da ya je garinku ya dawo ya ce ai ya ga Auta da ledar ruwa yana bin bayan Mai Zobba, wai ɗan aike ne. To ka gaya masa, in ɗan aike ne ya ce ɗan aike ne, aike ba abin kunya ba ne. Amma ya haɗa kai da kai ku mayar da ni abin wasa don kun san ba na ji, wannan ban san da wane suna zan kira shi ba. Kada ya zo mini gida. Kai kuma na ce kai ne kunnena, ashe kunne biyu na rasa na ƙara da na uku.

Kawunka

Na rufe takardar nan ke nan direba ya iso. Motarsa ce ta lalace a hanya, ya yi ta zaman jiran kayan gyara, takardarka tana aljihun mota. Na karanta. Na gane gogewar taku. Wannan kuskurena ne da naka, na bar shi.

Amma na zauna na yi tunani. Ka ce an goge, babu ko numfashi, babu kwafi, babu suna. To me zai nuna mini akwai abin da aka goge? Ni in na goge katako, ko an ɗauke kujerar, ana samun gari a ƙasa. Ina garin? Na san yadda kake da taubashinka, tun kuna yara kai kake karɓar masa duka. Mai yiwuwa ya ɗan yi rere-rere ka ji da kunnen ƙauna. Mai yiwuwa ma ba a yi safiyar ba, ka rubuta don in huce da shi. Ba zan sake tsayawa gaban mutane a kan maganar mutum ɗaya ba. Abin da na ce a sama yana nan.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina gaida Inna, a ce mata ta fita ta sha iska, ba ita ta yi komai ba. Ni lafiyata ƙalau. Auta ma jikinsa lafiya.

Na karanta takardarka a kan matakala, na daɗe ban tashi ba. Ina ta ganin hannunka a kan akwatin. Ban yi fushi da abin da ka kira ni ba, wanda aka yi wa dariya a ƙofar shagonsa yana da ikon faɗin fiye da haka.

Ban nuna wa Auta ba, amma ya gani a fuskata. Ya ce, "Ya ce kada in zo ko?" Na ce e. Sai na gaya masa har da na baya, batun akwati da bencina da saƙon da na riƙe. Ya ce, "Katakon da ke bayan ƙofa ya yanka?" Na ce shi. Ya ɗauki bokiti ya tafi yin wanki.

Maigida ya cika alkawari, ya ba shi rana. Ya shiga da sabuwar waƙa, ya tuɓe silifas kamar wancan karon. Bai yi nisa ba Maigida ya danna abin magana ya ce, "Yaro, muryarka da kyau, amma ka daina kwaikwayon Mai Zobba, mutane ba sa son jabu." Shi da bakinsa, Kawu, shi da ya kife waya. Ba don mugunta ba, waƙar ce ta cika gari har kunnensa ya juye. Auta ya sake gwadawa yana guje wa muryar kansa, abin ya fito ba daɗi. Ya cire abin kunne ya rataye shi da kyau, ya fita. Yanzu yana bin wani abokinsa fentin gidaje. In waƙar ta taso daga shagon wani, sai ya tsallaka titi.

Ledar ruwa gaskiya ce, ya ɗauka, ranar ɗaya ce. Wanda ya gan shi bai yi ƙarya ba, ƙarshen abin ya gani.

Ka tambaye ni gari. Babu, Kawu. Na duba ko'ina, na kai wa wani da ya fi ni sanin kwamfuta ya duba, ya ce an riga an yi wasu ayyuka a kan wurin. Aikinmu ba ya barin komai a ƙasa. Ko na kawo Auta gabanka ya buɗe baki, kai ba za ka ji ba, masu ji kuma za su ce kwaikwayo yake. Ba ni da abin da zan ɗora maka hannu a kai. Ka kuma yi gaskiya, na sha karɓar masa duka, don haka ka ajiye maganata a gefe.

Sai dai ba ni kaɗai nake wurin ba. Ban lissafa maka su a takardar farko ba don ban san za a nemi shaida ba.

Maigida yana nan, amma kada ka dogara da shi, abincinsa yana hannun Mai Zobba. Mai fiyano, wanda ya haɗa kiɗan, yana zaune a gefena, ya cire hula ya riƙe a hannu har aka gama, ya ce in ana so zai rubuta ya sa hannu. Matar da ke mana shara ta tara bokiti a famfo ta shigo ɗaukar tsintsiya, ba ta fita ba sai da ruwa ya gangaro matakala, Maigida ya yi mata faɗa, har yau in ta ga Auta sai ta ce shi ya ja mata. Mai gyaran janareta yana tsugune a baranda, taga a buɗe, shi ya ce a sake kunna masa daga farko kafin ya tafi.

Waɗannan duk suna nesa da kai. Akwai wanda ba ya nesa. A waccan safiyar da Auta ya yi waƙar, Inna ta aiko mana da bargo. Wanda ya kawo ya hau bene, ya tsaya a bakin ƙofa da ƙunshin a kafaɗa, bai sauke ba har waƙar ta ƙare, motarsa ta tare layi ana ta zaginsa a ƙasa. Da Auta ya fito ya dube shi ya ce, "Kai, ɗan kafinta ne wannan?" Na tambaye shi jiya me ya sa bai taɓa gaya maka ba. Ya ce ya ɗauka ka sani, kuma hira da kai sai da ihu, shi ga ciwon maƙogwaro.

Direban motar katako ne, Kawu, wanda ya miƙo maka takardar nan. Ba ɗan'uwanmu ba ne, ba ya cin komai a situdiyo. Na roƙe shi kada ya tayar da mota sai ka gama karantawa. Ka sa shi ya tsaya inda haske yake, ka kalli bakinsa.

Ɗanka,
Shiru